An Ƙwace Mota, Amma Lissafi Bai Rufe Ba

Wata Alhamis bayan la'asar ɗan ƙanwar mahaifiyata ya yi sallama gidanmu riƙe da makullin mota, ba mota. Ya ajiye ta ne a bakin wani masallaci wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ya shiga ya yi sallah, ya fito ya tarar da wurin wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Da farko ya ɗauka ɓarayi ne. Mai shayin da ke gefe ne ya ce masa wasu samari biyu suka zo da nasu makullin, suka tayar da ita hankali kwance, suka ce a faɗa wa direba Alhaji na nemansa. A cikin but akwai buhun geron wata tsohuwa da zai kai mata Daura, lasisinsa kuma yana aljihun gaba.

"Yaya, sati huɗu ne kacal ban kai ba," ya ce da ni. "Giyar motar ce ta zauna, kuma na kira shi na faɗa mashi."

Ga yadda cinikinsa da Alhajin, wanda ya ba shi motar, yake. Motar haya ce 'yar kwatano, aka ƙulla a kan naira miliyan 7 da rabi. Ya ba da kafin alƙalami miliyan 1 da rabi, daga kuɗin gonar gadonsa da ya sayar, sauran miliyan 6 kuma zai riƙa kai naira 60,000 duk Juma'a har sati 100. Ya kai sati 58 ba fashi, wato ya biya naira 4,980,000 ke nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai, shi kansa bai ɗauka yana da wata hujja ba. Roƙo ya zo in raka shi. A ganinsa tunda ya kasa, Alhaji ya ɗauki kayansa, magana ta ƙare, kuɗinsa sun bi ruwa.

Wannan fahimta ta yaɗu a tashoshinmu da garejojinmu, kuma kuskure ce ta fuska biyu. Mai bin bashi yana ganin da zarar ya ƙwace mota duk abin da aka biya ya zama halalinsa. Wanda ake bi kuma yana ganin da zarar an ƙwace, ko ba komai ya huta da bashi. Duka biyun ba haka ba ne. Ranar ƙwace mota ita ce ranar da ya kamata a zauna lissafi, lissafin kuma ya danganta da irin cinikin da aka ƙulla tun farko.

Akwai direban da ke kai balas kawai. Mota ta mai ita ce, yau da gobe da jibi, ko shekara goma ya yi yana kaiwa ba shi da ko taya. Wannan ba bashi ba ne, ba shi muke magana ba, sai dai da yawa kan shiga irinsa da alƙawarin baki cewa "in ka yi ƙoƙari za a bar maka," ranar rabuwa kuma a ce ba a yi haka ba. Akwai wanda banki ko ƙungiyar adashin ma'aikata ta ba shi rance ya sayi mota, motar tasa ce amma tana jingine. Sai kuma irin na ƙanena, wanda direbobi ke kira haya-facis: mota tana hannunka a matsayin haya, mallakarta tana wurin mai ita, sai ka cika biyan ƙarshe ta zama taka. Da yawa daga cikin motocin layi da Keke Napep da baburan da talaka ke samu ta wannan hanya suke zuwa hannunsa, kuma a nan ne aka fi zubar da hawaye.

Akwai doka a kansa, tsohuwa ce, ta 1965, kuma har yau tana aiki a faɗin ƙasa. A kan sauran kaya ta tsaya ga abin da bai wuce naira 2,000 ba, adadin da zamani ya riga ya bar shi a baya, amma a kan abin hawa mai inji ba ta sa iyakar farashi ba. Zuciyar dokar tana sashe na 9. Idan mai karɓar mota ya biya kashi 3 cikin 5 na jimillar kuɗin da aka ƙulla, har da kafin alƙalami, to mai mota ba shi da ikon karɓe ta da hannunsa, sai ya je kotu. In ya yi gaban kansa, yarjejeniyar ta warware, wanda aka ƙwace wa yana da damar neman a mayar masa da duk abin da ya biya, wanda ya tsaya masa shi ma ya fita daga lamunin. A cinikin ƙanena kashi 3 cikin 5 shi ne miliyan 4 da rabi. Tun a sati na 50 ya tsallake wannan layi, bai ma san akwai shi ba.

Dokar ba ta bar mai mota hannu rabbana ba. Ta ce in biya uku ko fiye suka taru ba a kai ba, yana iya ɗauke motar ya killace ta a wurin da ke ƙarƙashin kulawarsa don kada ta lalace, har kotu ta yanke hukunci, kuma duk ɓarnar da ɗauke ta ya jawo shi zai ɗauka. To killacewa daban, cinyewa daban. Abin da muke gani shi ne a ƙwace yau, a wanke ta gobe, jibi a miƙa wa sabon direba da sabon kafin alƙalami. Mota ɗaya sai ta cinye gonar mutum biyu ko uku kafin injinta ya mutu. Dokar 1965 ba ta ba kowa wannan dama ba.

Dole in faɗi inda dokar ke da tsauri, don kada wani ya karanta rabi ya tafi faɗa. Wanda bai kai kashi 3 cikin 5 ba, kariyarsa 'yar kaɗan ce. In ya saɓa sharaɗin biya, mai mota na iya karɓar abinsa ba tare da kotu ba, kuma abin da aka biya ana ɗaukarsa kuɗin haya ne. Abin da kawai ba a yarda ba shi ne a kutsa gidan mutum, domin duk sharaɗin da ya ba mai mota izinin shiga gida ya ɗauko ta, dokar ta soke shi ko da an sa hannu. Haka kuma wanda ya ga ba zai iya ba, yana da damar rubuta takarda ya mayar da mota, sai dai zai cika abin da ya biya ya kai rabin jimillar kuɗin in bai kai ba, ya kuma biya ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Saboda haka mafi hatsarin lokaci shi ne tsakiyar tafiya, inda mutum ya zuba da yawa amma bai kai layin ba. Wanda ya ga ya kusa, ko akuyar gida ce gara ya sayar ya tsallake.

Wani abu da masu ba da mota kan manta: dokar ta wajabta a sanar da mai karɓa farashin motar na kuɗi hannu, a rubuta yarjejeniya da jimillar kuɗi da adadin biya da ranakunsa, ya sa hannu, a ba shi kwafi cikin kwana 14. In ba a yi haka ba, mai mota na iya rasa damar tilasta yarjejeniyar, sai in kotu ta ga rashin bai cutar da mai karɓa ba. Takardar ƙanena tana durowar Alhaji, shi ko hotonta ba shi da shi. Shaidar biyansa kuwa rabi saƙon banki ne a waya, rabi kuɗi hannu da ya riƙa miƙa wa yaron shago. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau in ka ce wa babba a rubuta sai a ga kamar ka zage shi. Wannan kunya ta ci dukiyar mutane fiye da yadda muke zato.

Rancen banki kuma wata duniya ce. Tun 2017 akwai dokar jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, kuma Babban Bankin Najeriya yana da rajistar ƙasa inda ake shigar da irin wannan jingina. A ƙarƙashinta, in an kasa biya, mai bin bashi zai aika sanarwa, ya jira kwana 10, sannan ya karɓi motar, ko da umarnin kotu ko ba tare da shi ba in tun a takardar rance an amince da hakan. Yawancin takardun banki kuwa suna ɗauke da wannan amincewa a cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Kafin a sayar sai an sake sanar da mai motar.

A nan ne ma'aikaci kan sha mamaki. A ce saura naira miliyan 6 a kanka, aka yi gwanjon motar miliyan 4 da rabi, aka cire naira 300,000 kuɗin ɗauko ta da ajiya da dillanci. Abin da ya shiga asusun bashinka miliyan 4 da dubu 200 ne. Kana tafiya a ƙasa, kuma ana binka miliyan 1 da dubu 800, ruwa na ci gaba da hawa kansu. Tsugune ba ta ƙare ba. Banki na iya kai ka kotu a kan ragowar, in ya yi nasara a riƙe kuɗin da ke asusunka ko a sayar da wata kadararka. Ba ma sai an kai ga kotu ba: tun 1 ga Agusta 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya sa hannu a kan izinin, su ɗebi uwar kuɗi da ruwanta daga asusunsa na wasu bankunan. Dabarar mayar da albashi wani banki ta daina aiki. Ga kuma kamfanonin adana tarihin bashi guda uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. Wanda sunansa ya ɓaci a can, ranar da zai nemi rancen taki ko na jari sai ya ga ƙofa a rufe bai san dalili ba.

Amma lissafin yana iya juyawa, kuma wannan ne ba a cika faɗa ba. In kuɗin gwanjo ya fi bashin, rarar ta mai motar ce. A da ba kasafai hakan ke faruwa ba, domin mota kullum araha take yi. Daga Yunin 2023, da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, sai tsohuwar mota ta koma tsada fiye da yadda aka saye ta. Wanda ya ƙulla ciniki a 2022 yana biyan tsohon farashi ne a kan motar da darajarta ta ninka. Wannan ya sa ƙwacewa ta zama riba ga mai son zuciya, har wani ya fi son ka kasa da ka cika. A lokaci guda kuma kasawar ta zo da sauƙi. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kayan gyara duk da dala ake shigo da su. Ma'aunin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, na bankunan kasuwanci kuma a samansa yake zama.

Direban Katsina yana da ƙarin nasa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, abin da ya kashe lodin Jibiya da Kwangwalam. A 2021 dokar tsaro ta jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme. Hanya ta rufu ko ba ta rufu ba, Juma'a za ta zo, kuma ban taɓa ganin takardar haya-facis da ta ce in gwamnati ta rufe hanya a ɗaga biya ba. Haka in 'yan bindiga suka ƙona mota ko ta yi hatsari. Inshorar naira 15,000 da ake yanka wa ƙaramar motar gida tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba motarka ba. Mai biyan motarka ita ce cikakkiyar inshora, wadda mafi ƙarancin kuɗinta kashi 5 cikin 100 ne na darajar motar. Wanda ya ci rance bai yanke ta ba, mota na iya zama toka bashi yana nan daram.

Sai batun garanto, wanda muke sa wa hannu saboda zumunci. Wanda ya tsaya wa mutum ba shaida ba ne, alƙawari ya ɗauka cewa in wancan ya kasa shi zai biya. Na san malamin makaranta da aka riƙa yankar albashinsa a kan motar da ko sau ɗaya bai shiga ba. Mutuwa ma ba ta share bashi. A shari'a sai an biya shi kafin a raba gado, kuma hadisi ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: za a iya ɗaure ni? Kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Duk da haka ana tsare direba a caji ofis har danginsa su haɗo kuɗi, wani lokaci ma a tsare mahaifinsa ko matarsa. Wanda aka yi wa haka yana da damar kai ƙarar tauye haƙƙinsa a babbar kotu, kuma wanda ya kai ƙorafin na iya shiga cikin masu biyan diyya.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai direban da zai ga biya ya gagara ya tsallaka da mota Maraɗi ko Damagaram ya sayar, ko ya cire injin mai lafiya ya sa gajiyayye, ko ya tsinke na'urar bin sawun da aka sa mata. Wannan ya fita daga bashi ya shiga cin amana, kuma ana ɗauri a kansa. Wanda ya ba da cek ya san babu kuɗi a asusun, dokar 1977 ta yanka masa shekara 2 ba zaɓin tara. Wanda ya sayi irin wannan mota shi ma ya shiga uku, domin wanda bai mallaki abu ba ba ya mallaka wa wani, mai ita na iya biyo kayansa. Irin waɗannan direbobi su suka ja wa masu gaskiya tsadar haya-facis da tsananin masu mota. Ban ɗauki masu ba da mota a matsayin azzalumai gaba ɗaya ba. Da yawansu 'yan fansho ne da zawarawa da suka zuba abin da suke da shi, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne dokar boko da fiƙihunmu sun haɗu a wuri ɗaya. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce jingina ba ta kulluwa, Imamu Malik kuma ya yi bayanin cewa sharaɗin "in ban biya ranar kaza ba kayan sun zama naka" ba ya halatta, in mai kaya ya kawo abin da ake binsa ko bayan wa'adi ne, kayansa nasa ne. Aya ta 280 a Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi zuwa sauƙi. Bankunan Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, a cinikin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba ka riƙa biya a hankali, suna ƙayyade farashi ne sau ɗaya, bashin ba ya ƙaruwa da jinkiri, tarar jinkiri kuma sadaka ake yi da ita. Amma kada wani ya ɗauka can ba a karɓe mota. Ana karɓewa a sayar, a yi lissafi. A jihar da ke da kotunan shari'a tun 2000, abin takaici ne a ce mutum ya haɗiye miliyan 4 da ɗoriya na maraya da hujjar sati huɗu, ya kuma shiga sahun gaba hankalinsa kwance.

Ba mu je kotu ba. Na fara zuwa wurin wani lauya abokina ya karanta mana sashen, muka je banki aka buga mana bayanan asusun ƙanena, muka tattara ranakun da ya miƙa kuɗi hannu, yaron shagon kuma, Allah ya saka masa, bai musa ko ɗaya ba. Muka zauna a zauren mai unguwa da shugaban tasharsu. Alhaji ya zo a fusace, ya ce shi ma da kuɗin mutane yake juyawa, kuma gaskiya ya faɗa.

"Ranka ya daɗe, ban zo jayayya ba," ƙanena ya ce, kansa a ƙasa. "A ƙirga abin da na kawo, a ƙirga abin da ya rage."

Da lauyan ya yi bayanin kashi 3 cikin 5, da abin da zai biyo baya in an miƙa motar ga wani, zauren ya yi tsit. Alhaji ya ce wallahi bai taɓa jin wannan doka ba, shekara da shekaru yana ba da motoci, kuma na yarda da shi. Aka yi sulhu a kan a mayar da mota, a ɗora sati huɗun a ƙarshen wa'adi, a rubuta sabuwar takarda kowa ya riƙe kwafi. Kwana 19 da motar ta yi a killace, da batirin da ya mutu a can, babu wanda ya biya shi, shi ma bai nema ba. Buhun geron tsohuwa an same shi yadda yake, ya kai mata Daura washegari da ban haƙuri. Yanzu saura sati 11 a kansa, kuma duk Juma'a da ɗan littafinsa yake zuwa shagon, a sa masa hannu kafin ya saki kuɗin.